Darasi: Raba Daidai da Hana Wariya a Dokokin Najeriya

Najeriya tana da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, Abuja, da ƙananan hukumomi 774, da ƙabilu da harsuna ɗaruruwa. Duk wannan jama'a baitulmalinsu ɗaya ne, rundunar sojansu ɗaya, ma'aikatun tarayya kuma na kowa ne. In an buɗe guraben aiki goma, dubbai ne za su nema, kuma ranar da sunaye suka fito kowa zai zuba ido ya ga su wa aka ɗauka: 'yan ina ne, wane addini suke bi, maza ne ko mata. Shi ya sa kundin tsarin mulki na 1999 ya yi magana a kan wannan al'amari ta fuska biyu. Ya hana gwamnati ta nuna wa ɗan ƙasa bambanci, sannan ya wajabta mata ta tabbatar kowane sashe na ƙasa ya samu wakilci a cikin muƙamanta. Wanda ya san waɗannan dokoki biyu zai gane lokacin da aka cuce shi, kuma zai gane lokacin da shi ne yake cutar wani.

Abin da sashe na 42 ya hana

Sashe na 42 yana cikin babi na huɗu na kundin, wato babin haƙƙoƙin da mutum zai iya zuwa kotu ya nema kai tsaye. Ya lissafta abubuwa shida da ba a yarda a tauye ɗan Najeriya saboda su ba: al'ummar da ya fito, ƙabilarsa, garin asalinsa, kasancewarsa namiji ko mace, addininsa, da ra'ayinsa na siyasa. Ba dama wata doka, ko wani mataki na gwamnati, su ɗora masa takunkumin da ba a ɗora wa sauran 'yan ƙasa ba don ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Akwai kuma rabin maganar da mutane suka fi mantawa: sashen ya hana a ba mutum wata gata ta musamman saboda waɗannan dalilai. Shugaban ƙaramar hukumar da ya hana 'yan wata jam'iyya takin gwamnati ya karya doka, haka ma wanda ya keɓe wa 'yan ƙauyensu rumfunan kasuwa.

Ƙaramin sashe na biyu gajere ne, amma yana da nauyi. Ya ce kada a tauye kowa saboda yanayin haihuwarsa. Jikan bawa ne, ko ɗan wata sana'a da ake rainawa, ko an haife shi ba ta hanyar aure ba, a gaban hukuma ɗan ƙasa ne cikakke, ba shi da laifin da zai biya.

Ga misali daga Kotun Ƙoli. Wani mutumin ƙasar Ibo, Lazarus Ukeje, ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba. Matarsa da ɗansa suka karɓi ikon dukiyar, aka bar 'yarsa Gladys a gefe, domin al'adar yankinsu ba ta ba ɗiya mace gado daga dukiyar mahaifinta. Ta kai ƙara. Aka yi ta shari'a daga wannan kotu zuwa waccan har Afrilun 2014, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan al'ada ta saɓa wa sashe na 42, don haka ba ta da wuri a doka. Sama da shekara 32 ke nan tsakanin rasuwar uban da hukuncin ƙarshe. A ƙasar Hausa, gadon Musulmi kotunan shari'ar Musulunci ne ke raba shi, kuma kundin ya amince da hakan. Shari'a kuwa ta yanke wa ɗiya mace kasonta tun fil azal. Amma kowa ya san gidajen da maza ke riƙe gona shekara da shekaru, in 'yar'uwarsu ta yi magana a ce mata ai tana gidan miji, me za ta yi da gona. Wannan zalunci ba shi da madogara, ko a shari'a ko a kundin tsarin mulki.

A wurin aiki ma sashen yana da haƙori. Akwai wata tsohuwar ƙa'idar 'yan sanda da ta ce a kori 'yar sanda in ta yi ciki ba ta da aure, alhali ba ta ce komai ba a kan ɗan sanda namiji da ya yi wa wata ciki. A 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta yanke cewa wannan wariya ce, ta kuma ba matar da aka kora diyya. Kotun ba ta yi hukunci a kan halin matar ba. Abin da ta duba shi ne doka ta auna mace da mudun da ba ta auna namiji da shi ba.

Ina aka samo raba daidai?

Sai mun koma baya kaɗan. Karatun boko bai shigo ƙasar nan rana ɗaya ba. A Legas an buɗe makarantar sakandare ta mishan tun 1859. A Kano kuwa sai 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, Kwalejin Katsina kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Jami'ar farko an kafa ta a Ibadan a 1948, ta Ahmadu Bello a Zariya sai 1962. Da aka doshi 'yancin kai, Turawa suna tattara komatsansu, sai ya zama waɗanda ke da takardun maye gurbinsu galibi 'yan Kudu ne. Shugabannin Arewa suka ga in aka bar abin a haka, za a fita daga mulkin Bature a faɗa ƙarƙashin akawu da injiniya na wani yanki. Gwamnatin Sardauna ta fito da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Jihar Arewa. A soja ma, a 1961 aka tsayar da kaso wajen ɗaukar hafsoshi: rabi daga Arewa, kwata daga Gabas, kwata daga Yamma.

Ƙananan ƙabilu su ma suna da nasu tsoron, na kada manyan ƙabilu uku su danne su. Kwamitin Willink ya zagaya ƙasa a 1957 da 1958 yana sauraron kokensu, kuma daga shawararsa ne aka sa babin haƙƙin ɗan'adam a kundin da aka karɓi mulki da shi a 1960.

Duk da haka zargin danniya bai kwanta ba. A Mayun 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa dokar soja mai lamba 34, wadda ta rushe tsarin tarayya ta haɗe aikin gwamnati wuri ɗaya. Arewa ta ɗauki wannan a matsayin tabbacin abin da take tsoro. Tarzoma ta ɓarke, aka yi asarar rayuka masu yawa, wani juyin mulki ya biyo baya, daga nan sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Waɗanda suka rubuta kundin 1979 sun ga wannan duka da idanunsu. Janar Murtala Muhammad ne ya kafa kwamitin rubuta kundin a Oktoban 1975, ƙarƙashin lauya Rotimi Williams, kuma a kundin da suka tsara ne tsarin raba daidai ya fara zama doka. Kundin 1999 ya gaje shi.

Yadda yake aiki

Sashe na 14, ƙaramin sashe na 3, ya ce a tsara gwamnatin tarayya da hukumominta ta yadda 'yan wasu jihohi ƙalilan, ko wasu ƙabilu, ba za su mamaye su ba. Ƙaramin sashe na 4 ya ɗora irin wannan nauyi a kan jihohi da ƙananan hukumomi, wato gwamna ma ba shi da ikon cika majalisarsa da 'yan yankinsu. Sashe na 147 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, shi ya sa ba za ku ga cikakkiyar majalisar ministoci da ba ta kai mutum 36 ba. Sashe na 217 ya kai maganar cikin rundunar soja, na 223 kuma cikin shugabancin jam'iyyu. Hatta zaɓen shugaban ƙasa, yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya samu kwata na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi.

Mai sa ido a kan wannan ita ce Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, tana da shugaba da wakili ɗaya daga kowace jiha da Abuja. Lissafinta mai sauƙi ne. Kowace jiha kasonta 2.75 cikin 100 na ma'aikata, Abuja kashi 1. In kun ninka 2.75 sau 36 za ku samu 99, ku ƙara na Abuja ya cika 100. An ba da ɗan sassauci, kada jiha ta gaza kashi 2.5, kada ta wuce kashi 3. Ƙa'idar hukumar ta kuma ce a tallata guraben aiki a jaridu aƙalla biyu da ake karantawa a faɗin ƙasa, a ba masu nema mako shida. Kundin ya ba ta ikon gurfanar da shugaban ma'aikatar da ya ƙi bin tsarin.

A karatu ma haka ne. Jami'o'in tarayya suna ba da kashi 45 cikin 100 na gurabensu bisa maki zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Mafi yawan waɗannan jihohi na Arewa ne, amma akwai na Kudu a ciki, kamar Ebonyi da Bayelsa.

Hikimar abin kamar ta watanda ce: tun da kowa ya zuba kuɗinsa aka sayi sa, ba za a ce wanda ya riga zuwa mayanka ya kwashe cinya da tozo ba.

Inda dokokin biyu ke cin karo

Mai hankali zai yi tambaya: in sashe na 42 ya hana a fifita mutum saboda garinsu, ta yaya za a ɗauki wanda ya ci ƙaramin maki a bar wanda ya fi shi, don kawai jihohinsu sun bambanta? Tambaya ce ta gaskiya, kuma an taɓa kai ta kotu. A ƙarshen shekarun 1980 wata yarinya 'yar jihar Ogun, ta hannun mahaifinta, ta yi ƙarar ministan ilimi, domin ba a kira ta ganawar shiga makarantar sakandaren tarayya ba, alhali an kira yaran wasu jihohi da ba su kai ta maki ba. Shari'ar, wadda aka fi sani da ta Badejo, ta kai Kotun Ƙoli, aka rufe ta a 1996 ba tare da an warware ainihin tambayar ba, saboda lokacin shiga makarantar ya riga ya wuce. Game da naɗin muƙamai da ɗaukar soja da 'yan sanda, ƙaramin sashe na 3 na sashe na 42 ya bar ƙofa a buɗe ga dokokin da ke sa sharaɗi. Game da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ta yi karatunta ta ci, maganar ta fi wuya, kuma bai kamata mu 'yan Arewa mu yi kamar ba mu ji zafinta ba.

Ra'ayina shi ne tsarin yana da amfani, kuma ƙasa irin tamu ba za ta zauna lafiya in babu shi ba. Sojan da duk hafsoshinsa yare ɗaya suke ji, ko ma'aikatar da ba ka ganin mai kama da kai tun daga ƙofa har ofishin darakta, ba za su samu amincewar jama'a ba. Amma an kawo shi ne don a cike giɓi, ga shi an haura shekara arba'in ana aiki da shi, mafi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan har yanzu a Arewa suke. Gurbin jami'a ba ya amfanar yaron da bai gama firamare ba. Kason Zamfara ko Yobe ko Jigawa, in ba a gyara makarantun ƙauye ba, 'ya'yan manya ne da suka yi karatu a Abuja da Kaduna za su ci gaba da cinye shi, ɗan manomin da aka yi dokar dominsa ko labari bai ji ba. Ga kuma sayar da guraben aiki a ɓoye, abin da ya kai Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a 2023. Akwai masu ƙorafin cewa daidaita jihohi ba adalci ba ne, tun da a ƙidayar 2006 Kano tana da mutum sama da miliyan 9, Bayelsa kuwa ba ta kai miliyan 2 ba, amma kasonsu ɗaya.

Takardar indijin

Duk wannan rabo a kan takarda ɗaya yake tafiya, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin. Wanda ya taɓa nema ya san hanyar: ka je wurin mai unguwa ya shaida ya san mahaifinka, dagaci ko hakimi ya sa hannu, ka ɗauki hotonka na fasfo ka nufi sakatariya, ka biya kuɗi, ka jira a buga hatimi. Ga wanda kakanninsa ke kwance a maƙabartar garin, aikin yini ɗaya ne ko biyu. Ga wanda kakansa ya zo daga wani wuri, tambaya ɗaya ce za ta tsayar da shi: “Asalinku ina ne?”

Kundin ya ɗaure zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni, bai kula da inda aka haifi mutum ko inda yake biyan haraji ba. Sakamakon haka akwai Bahaushen da aka haifa a Jos ko Sabo ta Ibadan, uban ma can aka haife shi, ba ya samun takarda a can, in ya zo garin da aka ce na kakansa ne ba wanda ya san shi. Akwai kuma ɗan Ibo ko Bayarabe da aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, shi ma haka yake rataye. Rikice-rikicen Jos na 1994 da 2001 duka sun biyo bayan gardama a kan naɗin muƙami da tambayar wane ne ɗan gari. In muna jin ciwon abin da ake yi wa namu a can, wajibi ne mu dubi yadda muke yi wa baƙin da ke cikinmu, domin sashe na 15 ya umarci gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya.

Matan aure sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. A ƙa'idar Hukumar Raba Daidai, mace tana nan a jihar mahaifinta ko da ta yi aure a wata jiha. Sai garin miji su ce ba tasu ba ce, garin uba su ce ai ta tafi. A 2012 sai da aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda haifaffiyar Anambra ce amma da sunan Abia, jihar mijinta inda ta yi aiki shekaru, aka gabatar da ita. Daga baya aka rantsar da ita. In alƙaliya ta gamu da wannan, ku auna halin malamar firamare.

Mata da masu buƙata ta musamman

Raba daidai jihohi yake ƙirgawa, ba ya ƙirga mata. Manufar gwamnati ta 2006 ta yi alkawarin ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, kuma a Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika. Wata ɗaya kafin nan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran kundi da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'insa, mata 4 ne a cikin sanatoci 109. Maƙwabciyarmu Nijar ta bi wata hanya: a 2000 ta kafa dokar kaso, kashi 10 na kujerun zaɓe da kashi 25 na naɗe-naɗe, a 2019 ta ɗaga su zuwa 25 da 30. Majalisar Nijar da ke da mace ɗaya tak bayan zaɓen 1999 ta samu mata 14 a zaɓen 2004.

Sashe na 42 bai ambaci nakasa ba. Wannan giɓi ne dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta zo ta cike, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Mutumin da ya nuna wa wani wariya saboda nakasa zai biya tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun; kamfani kuma naira miliyan 1. An nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, an kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma har yau za ku ga mutum a kan kekensa a gindin matakalar ofis, takardunsa a cikin leda a kan cinyarsa, yana jiran samari biyu su ɗaga shi kamar kaya. Yanzu doka tana bayansa, hanyar shiga haƙƙinsa ce da yake bin ofishin.

In an tauye ku

Sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, damar zuwa babbar kotu a jihar da abin ya faru. In maganar wurin aiki ce, Kotun Ma'aikata ke da hurumi. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ko Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, duka suna karɓar koke kyauta, ko ya nemi hukumar ba da tallafin lauyoyi ga marasa hali. Kotu da hujja take aiki, don haka ku adana takardar da aka ba ku, ku rubuta ranar da abin ya faru da abin da aka faɗa muku, ku san waɗanda suke wurin.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai shida ne sashe na 42 ya hana a nuna bambanci saboda su?
2. In wata ma'aikatar tarayya tana da ma'aikata 400, mutum nawa ne kason jiharku?
3. Me ya sa matar aure ke iya rasa gurbi a jihar mijinta da ta mahaifinta duka?

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya leƙa asibiti ko makaranta ko sakatariyar da ta fi kusa da gidansa, ya duba ko mai keken guragu zai iya shiga ba tare da an ɗauke shi ba. Ku zo da abin da kuka gani, za mu haɗu mu rubuta wa kansilan mazaɓarmu takarda a kai.